Daga tashin makaranta zuwa dawowar iyaye: a hannun wa za a bar yara?

Maman_Sadiq
Assalamu alaikum. Masu sani a taimaka da shawara. Gida ne na ma'aikata biyu a Rijiyar Zaki, Kano. Ana fita 6:45 na safe, ba a dawowa sai wajen 5 na yamma. Yara biyu ne, mace 'yar shekara 4 a nazire, namiji ɗan shekara 7 a aji biyu. Ana tashinsu 1:30, ran Juma'a 12, Islamiyyar unguwa kuma sai 4. Hanya uku ce a gabanmu: a bar su a makaranta zuwa 4 a ƙara kuɗi, ko a ɗauki ɗan sahu ya riƙa kai su gidan kakarsu a Ɗorayi, ko a samo 'yar aiki su dawo gida. Wacce ta fi, kuma me ake dubawa kafin a amince?

Hedimasta_Mai_Ritaya
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki zaɓa, ɗauki takarda ki rubuta yinin yaran tun daga fita har dawowa, kowane lokaci ki sa sunan babban da suke hannunsa. 7:00 zuwa 7:45 wa? 1:30 zuwa 2:00 wa? Daga gida zuwa Islamiyya wa? Duk inda kika kasa sa suna, ko kika ga kin rubuta "mai gadi" ko "yayanta", to nan gizo ke saƙa. Abin da ke samun yara ba kasafai yake samunsu a cikin aji ba. A tsakani ne: bakin get kafin malamai su iso, bayan tashi kafin mai ɗauka ya zo, hanyar Islamiyya. Sai ki ƙirga sau nawa yaran ke sauya hannu a kowace hanya. Ta gidan kaka sau huɗu ko biyar ne, ta barin su a makaranta sau biyu. A kan wannan kaɗai makaranta ta yi gaba, in dai da gaske akwai mai kula da su bayan tashi.

Anti_Nazire
Wannan "in dai" ɗin na Baba shi ne maganar. A makarantu da yawa abin da ake kira zaman bayan tashi shi ne a tattara duk yaran da suka rage, daga ɗan shekara 3 zuwa ɗan aji shida, a zuba su aji ɗaya, a bar wa malama guda da ta gaji tun safe, wani lokaci ma mai shara.

Kada ki je da safe, da safe kowace makaranta tsaf take. Ki je 2:30 ba tare da kin sanar ba, ki ce a nuna miki inda yaran suke a lokacin. Ki ƙirga kawuna ki ƙirga manya. Ga 'yan shekara 4, babba ɗaya kada ya wuce yara takwas, in an matsa goma. Kuma kada babba ya zama shi kaɗai ko da yaran biyar ne, don in ta kai ɗaya banɗaki sauran suna hannun Allah ne kawai. Ki leƙa banɗakin da kanki, ki buɗe famfo ki ga ko da ruwa, ki nemi sabulu. Ki tambayi inda ƙanana ke kwanciya: tabarma ko katifa mai leda da ake gogewa, ba a kifa kai a kan tebur ba. Ki ɗaga kai ki dubi rufi. Ajin kwano mara silin a watan Afrilu ƙarfe 2 ba wurin zaman yaro ba ne, kuma ki tambaya in an ɗauke wuta me ke juya fanka, sola ko janareta, kuma ana tayar da shi saboda yara goma ɗin da suka rage ko sai ofis na buɗe.

Ummu_Hanan_Leeds
Lissafin Anti ya yi daidai da na nan Ingila, ɗaya ga takwas ne ƙa'idar 'yan shekara 3 zuwa sama a gidajen raino. Mai raino a gidanta kuma ba ta wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara 8, kuma dole ta yi rijista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren raino, in tana karɓar kuɗi ta riƙe su fiye da awa biyu a rana. Ana binciken tarihinta da na manyan da ke zaune a gidan. A gida ba mai yi miki wannan binciken, ke za ki yi.

Abu_Fatima
Kowa ya tafi kan yamma an manta safiya. Wanda ya fita 6:45 zai sauke yara wajen 7. A tambayi makarantar ƙarfe nawa malamin farko ke sa hannu a rijista, ba ƙarfe nawa ake buɗe get ba. Biyun ba ɗaya ba ne. In malamai sai 7:30, to rabin awa yaran na tsakar fili da mai gadi wanda idonsa na kan motoci. A nemi a san malamar da ke kan aikin safe a wannan makon, a miƙa mata yarinyar hannu da hannu. Lokacin hunturu kuma a tabbatar akwai aji buɗaɗɗe da za su shiga, ba tsayuwa cikin sanyi da ƙura ba, musamman mai asma.

Hajiya_Babba
Ni dai ban ga abin da zai sa a bar jika a hannun bare ba alhali kakarsa na raye cikin gari. Makaranta kuɗinki take so. Kaka kuwa ko ba ki ce ba za ta duba ko ya ci, ko jikinsa da zafi, ta sa shi salla. Yaran nan tun 7 suna cikin takalmi da yunifom, a bar su su je gida su tuɓe su watsa ruwa su miƙe ƙafa mana.

Nas_Asabe
Hajiya gaskiyarki wajen ƙauna, amma gidan ma sai an duba shi kamar yadda za a duba makaranta. Rijiya na da murfi mai nauyi ko kwaɗo? Sokawe a rufe yake? Bokiti da baho cike da ruwa a tsakar gida sun isa su halaka ƙaramin yaro. Maganin hawan jini da na suga na tsofaffi yawanci a ƙarƙashin filo ko kan taga yake, kuma ƙwaya kaɗan ta isa ta kwantar da 'yar shekara 4. Kalanzir da fetur da fiya-fiya da ake zubawa a robar lemo su ne suka fi kai yara asibiti da sunan guba. In ya faru kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja, a wuce asibiti da robar. Janareta kada ya kasance a zaure ko kusa da tagar ɗakin da suke barci.

Sannan a yi tambayar da ake jin nauyin yi: kakar da kanta za ta duba su, ko bayan Azahar tana kwanciya, yaran su koma hannun duk wanda ke gidan? In gidan yawa ne, samari na shiga suna fita, to a san ɗakin da yarinyar za ta zauna da wanda zai kai ta banɗaki.

Hajiya_Babba
To wannan kam ba musu. Amma a yi shi da dabara, kada a je wa tsohuwa da takarda kamar 'yan duba-gari. Ɗanta ya sayo murfin rijiyar ya sa da kansa, ya kafa ɗan akwatin magani a sama. Kuma a riƙa kai cefane duk wata ba sai an tambaya ba.

Ɗan_Sahu_Kabuga
Bari in yi magana kan ɓangarenmu, tunda hanya biyu cikin ukun sai da mu. Maman Sadiq, kada ki ɗauki mutum don kawai kin saba ganinsa a bakin titi. Maigida ya bi shi ya ga gidansa, ya san mai unguwarsu, a sami dattijo ɗaya da zai tsaya masa. A ɗauki hoton fuskarsa, da lambar mashin ta baya, da lambar da ke rubuce a jiki.

A tambaye shi mashin ɗin nasa ne ko balas yake kaiwa kullum. Mai kai balas yana cikin matsi, shi ne zai haɗa gida biyar a sahu ɗaya, yara tara ko goma, wasu a cinya, biyu a gefensa a gaba. Ku yi magana a fili: yara nawa, gidaje nawa, kuma ba yaro a kujerar direba. Ƙaramar ta zauna a tsakiya, ba a baki ba. Saukewa ta hannun dama, gefen kwata, ba gefen da motoci ke wucewa ba, kuma ya tsaya sai ya ga an buɗe ƙofa sun shiga. A tambayi jerin saukewa ma, don yaron da aka fara ɗauka aka sauke a ƙarshe zai iya yin awa guda yana zagaye cikin rana.

Abin da ya fi lalata wannan harka shi ne ranar da mashin ya lalace ko mutum ba shi da lafiya, sai ya turo "ƙanena". A hana wannan tun ranar farko. In ba zai zo ba ya kira kafin 12, ku kuma ku tanadi mutum na biyu da makaranta ta san fuskarsa. Kuɗi a yi shi na wata, a faɗi yadda za a yi da makon hutu, a kuma faɗi yadda za a yi in mai ya tashi. Tun da aka cire tallafi a 2023 rigimar da ke raba mu da iyaye ke nan, sai mutum ya ƙi magana ya ƙara yara a ɓoye don ya cike gibin.

Barista_MK
Kan maganar wa zai ɗauki yaro, mutanen Kano ba sa bukatar a tuna musu abin da ya faru a Disambar 2021, lokacin da mai makaranta da kansa ya ɗauke ɗalibarsa 'yar shekara 5 a hanyar dawowa daga Islamiyya, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Abin lura shi ne ba baƙo ba ne. Don haka koya wa yaro "kada ka bi wanda ba ka sani ba" bai wadatar ba. A koya masa sunaye uku: Abba, Umma, da wane. Duk wanda ba ya cikinsu, ko malaminka ne, ko kawunka, ba ka shiga abin hawansa.

Makaranta kuma, boko da Islamiyya duka, a ba su waɗannan sunaye a rubuce da hotuna. Mai ɗauka ya sa hannu da lokaci a littafi. In wani ya zo ya ce an aiko shi, makaranta ce za ta kira lambar da ke cikin fayil, ba ta karɓi wayar da ya miƙo ya ce "ga mamansu" ba.

Zee_Hotoro
Wasu na ba yaro kalmar sirri, duk wanda ya zo sai ya faɗe ta.

Anti_Nazire
Zee, ga ɗan shekara 7 ƙila. 'Yar shekara 4 kuwa kafin a tashi duk ajin sun san kalmar. Katin ɗauka mai hoto ya fi, guda biyu, ɗaya wajen iyaye ɗaya wajen ɗan sahu, in ya ɓace a soke shi a ranar.

Maman_Sadiq
Na gode ƙwarai. 'Yar aikin fa? Ba wanda ya taɓa ta.

Barista_MK
Shekarunta ne farkon magana. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ko ta wuce 12 ɗin, yarinya 'yar 13 da aka kawo daga ƙauye ita ma raino take bukata. Ba za a bar mata yara biyu da tukunyar gas da makullin gida awa uku da rabi ba.

Gwaggon_Yara
In za a bi ta nan a nemi babbar mace, dattijuwa ko bazawara ta cikin unguwa, wadda aka san gidansu, ta zo 1 ta tafi 5:30. Ta fi wadda dillaliya za ta kawo, ba a san asalinta ba, albashinta ma rabinsa hannun dillaliyar yake tafiya, wata uku ta ce za ta gida. A fara da ita ranar Asabar da Lahadi kina nan, ki ga yadda take kunna gas da kashe shi daga kan tukunya, yadda take yi wa yarinya tsarki, da yadda take yi in yaro ya ƙi jin magana. A faɗa mata dokoki uku a gaban maigida: ba duka, ba baƙo ko da 'yar uwarta ce, ba aiken yara shago. A ba ta ƙaramar waya da kati, a manna lambobinku da ta maƙwabciya ɗaya a bango. Kuma kada a haɗa mata wanki da guga da girkin dare a cikin awannin, in ba haka ba talabijin ce za ta yi rainon.

Abu_Fatima
A ƙara da kyamara a falo.

Gwaggon_Yara
Kyamara sai da wuta da data, kuma abin da ya riga ya faru take nuna maka. A sa in da hali, a kuma gaya mata an sa. Amma maƙwabciyar da za ta leƙo ƙarfe 3 ta fi ta amfani.

Nas_Asabe
Abinci, tunda duk hanyar da aka bi sai an ci. In za su zauna makaranta har 4, abin da aka zuba 6 na safe zai kai awa bakwai kafin a ci. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a buɗe ba, balle a zafin Kano. Sai kula mai riƙe zafi da gaske: a zuba tafasasshen ruwa a rufe minti biyar zuwa goma, a zubar, sannan a zuba abincin yana tururi. Ki gwada ta ranar hutu, ki zuba da safe ki buɗe 1:30; in ɗumi-ɗumi kika tarar, ba ta yi ba. Alale, kwaɗon ganye, duk abin da aka sa wa mayonis, madarar da aka dama, kunun gyaɗa, waɗannan na karin safe ne ko tara ta farko, ba na rana ba. Na yamma a sa abin da ba ya lalacewa: gurasa, biredi, dabino da aka cire wa ƙwallo, ayaba, lemon ɓawo. Gyaɗa da aya ɗai-ɗai ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5, suna sarƙewa. Ruwa lita ɗaya kowane yaro, a kuma san inda zai ƙara.

Sai takardar lafiya guda, kwafi ga duk mai riƙe su: abin da yaro ba ya ci, ko yana da asma, sikila ko farfaɗiya, asibitin da kuke zuwa da lambar kati. Mai sikila in zafin jikinsa ya kai 38 ba a jira iyaye su tashi aiki, asibiti ake yi. Kada kowa ya ba yaro magani sai ya kira, asfirin kuma ba a ba yara sam. A tambayi makaranta me suke yi da yaron da ya zo da ƙarambau ko ciwon ido. In amsar ita ce "muna lallaɓawa", to ki shirya jinya.

Malam_Na_Islamiyya
Ina da gyara. Ana ta lissafi kamar Islamiyya wurin ajiyar yara ce daga 4 zuwa 6. Yawancin na yamma Asabar zuwa Laraba suke yi, Alhamis da Juma'a hutu. Ga shi Juma'ar ce boko ke tashi 12. Wato ranar da gibin ya fi tsawo, ita ce ba Islamiyya, kuma ɗan sahu da mai gadi da malamai duk suna haramar masallaci. Duk tsarin da za a yi a fara warware Juma'a.

Na biyu, in an bar su boko har 4, yaushe za su ci, su yi wanka, su yi La'asar, su iso? Za su zo 4:40 a gajiye, yaro na gyangyaɗi a kan hadda. In gidan kaka za a kai su, a mayar da su Islamiyyar unguwar kakar, iyaye su ɗauke su daga can. In makaranta za a bar su, a nemi ta Asabar da Lahadi da safe, ko makarantar da ta haɗa boko da tahfiz a wuri ɗaya.

Hedimasta_Mai_Ritaya
Malam ya taɓo inda nake so. Ɗan shekara 7 na bukatar barcin awa 9 zuwa 12, 'yar shekara 4 kuma 10 zuwa 13 har da na rana. Yaron da za a tasa 5:30 ya kamata 8:30 ta same shi a kwance. In zaman bayan tashi wani darasin ne aka ƙara a kan na safe, kuɗin banza ne. Abin da ya dace: abinci da salla, hutu na awa guda, jinga minti 20 zuwa 30 ga na aji biyu, sauran wasa a inuwa. Nazire ba ta da abin yi da lesin.

Masu haɗa boko da tahfiz kuma a duba su da idon da Anti ta faɗa. Wasu suna yi da kyau, wasu awa tara ne a kan benci ɗaya.

Sani_Kaduna
A tuna da hutu. Makaranta na rufewa, ofis ba ya rufewa: hutun rabin zango, dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ga na ba-zata. A 2025 Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu saboda azumi. Nan Kaduna makarantun gwamnati sun koma kwana huɗu a mako a 2022. Wanda ya dogara da makaranta kaɗai, ranar da ta rufe ba shi da kowa. Ko ita aka zaɓa, a riƙe gidan kaka da zumunci, kada sai an matsu a tuna da ita.

Zee_Hotoro
Kuma a karɓi komai a rubuce: kuɗin na zango ne ko na wata, ya haɗa da abinci ko a'a, ƙarfe nawa ne ƙarshe, nawa ake caji in an makara, kuma wa ke zama da yaro in an kai 5 ba a zo ba. Cunkoson Kabuga da yamma ba ya tambayar kowa.

Gwaggon_Yara
Bayan an fara, mako biyu na farko a sa ido. Kula ta dawo cike, gorar ruwa ba a taɓa ba, wando jiƙe, yarinyar da ta daina fitsarin kwance ta koma, ko kuka duk lokacin da aka ambaci wani mutum ko wani wuri. Kada a tambayi yaro "an dake ka?", zai ce a'a. A ce "wa ya zauna kusa da kai da kuna cin abinci?", "wa ya raka ki banɗaki yau?" Lokacin wanka a duba jiki ba tare da an tsorata su ba.

Maman_Sadiq
Allah ya saka da alheri. Abin da muke gani yanzu: Litinin zuwa Alhamis su zauna makaranta in ziyarar 2:30 ta gamsar, Islamiyya ta koma ta ƙarshen mako, Juma'a Abbansu ya kai su Ɗorayi kafin masallaci. Sai dai ƙaramar nake ji, awa tara a waje bai yi mata yawa ba?

Anti_Nazire
In akwai wurin barci na gaske da mace ɗaya tsayayya da ta saba da ita, za ta iya. In kullum sabuwar fuska ce, ya yi yawa.

Hajiya_Babba
Ya yi yawa ko da wurin barci. A raba su mana, babban ya zauna, ƙaramar a kai wa kakarta.

Ɗan_Sahu_Kabuga
Hajiya in an raba su, 'yar shekara 4 ce za ta hau sahu ita kaɗai kullum daga makaranta zuwa Ɗorayi. Ni ko an ba ni wannan aikin ba zan karɓa ba sai da babba a baya. In akwai wata a gidan kakar da za ta riƙa biyo ni mu ɗauko ta tare, to, sai a lissafa kuɗin zuwa da dawowa.

Malam_Na_Islamiyya
Maman Sadiq, kafin ki cire su daga ta yamma ki tambayi ta ƙarshen makon izu nawa suke kaiwa a shekara, kuma ko suna karɓar sababbi a tsakiyar zango. Da yawa sai bayan Salla suke buɗe rijista.